Hadda ko Kati: Muhawarar Masu Kiran Rawar Gargajiya a Amurka da Birtaniya

A garuruwan arewa maso gabashin Amurka, musamman jihohin New Hampshire da Vermont da Massachusetts, akwai wata tsohuwar rawar taro da ake kira kontira. Mutane kan jeru sahu biyu dogaye suna fuskantar juna, makaɗa suna gaba da goge da fiyano, sai mutum ɗaya ya tsaya kusa da su riƙe da makirufo yana faɗa wa jama'a abin da za su yi kafin lokacin yin sa ya zo: ku zagaya hagu, ku ba maƙwabci (na kusa da kai a sahu wanda ba abokin rawarka ba) hannun dama, ku koma wa abokin rawa. Wannan shi ne mai kira. Ba ya taka rawa, ba lallai ne ya iya kiɗa ba, amma in harshensa ya yi tuntuɓe, mutum ɗari na iya yin karo da juna. Tsakanin masu wannan aiki akwai muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu sun ce duk wanda ya hau dandamali da takarda a hannu bai gama koyo ba. Wasu kuma sun ce dogaro da ka kaɗai ganganci ne, kuma jama'ar da suka biya kuɗin shiga ne za su ɗanɗana kuɗarsa.

Kafin a yi hukunci, sai an san yadda lokaci yake matse mai kira. Kiɗan kontira yana da ma'auni tsayayye: bugu 64 a kowane zagaye, an raba shi gaɓa huɗu, kowace gaɓa bugu 16. Makaɗa kan tafi da saurin da ya kusa bugu 120 a minti ɗaya, ke nan zagaye guda bai wuce daƙiƙa talatin da 'yan kai ba. Yawancin motsin rawar bugu takwas ne, wato kamar daƙiƙa huɗu. Ƙa'idar aikin ita ce kira ya riga motsi. Idan za a fara zagaya hagu a bugun farko na sabuwar gaɓa, dole kalmar ta gama fita daga bakin mai kira a cikin bugu biyu zuwa huɗu na ƙarshen gaɓar da ta gabata. Tagar da yake da ita ke nan, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wanda ya sunkuya neman layi a kan kati a daidai wannan lokaci, kafin ya ɗago kai kiɗa ya wuce shi, jama'a sun tsaya cirko-cirko, kuma ba a tsayar da makaɗa don a jira kowa.

A nan masu goyon bayan hadda suke da hujja mafi ƙarfi, kuma hujjar tasu ba ta tsaya ga sauri ba. Aikin mai kira na gaskiya da ido ake yin sa. Ana fara kowace rawa da gwaji ba tare da kiɗa ba, sau ɗaya ko biyu, sannan makaɗa su tashi. A zagaye na farko da na biyu yakan kira komai dalla-dalla. Daga nan sai ya fara rage magana, jimla ta koma kalma ɗaya, kalma ta koma shiru, har jama'a su rage su da kiɗa kawai. Yaushe zai rage? Babu katin da zai gaya masa. Sai ya duba ya ga ko sahun da ke can ƙarshen zaure, inda sababbin zuwa suka fi taruwa, ya kama hanya. Sai ya lura da dattijon da kullum yake juyawa dama a wurin da ya kamata ya juya hagu, ya jefa masa kalma ɗaya a daidai wurin, ba tare da ya kira shi ya kunyata shi ba. Sai ya ga rukunin mutum huɗu ya watse a tsakiyar sahu, ya dawo da cikakken kira na zagaye ɗaya kafin ruɗanin ya bi sahu sama da ƙasa, domin a kontira kowane zagaye kana rabuwa da maƙwabtanka ka tarar da sababbi, saboda haka ruɗani ba ya zama wuri guda. Kuma shi ne zai ɗaga wa makaɗa yatsu uku, sannan biyu, sannan ɗaya, don su san saura zagaye nawa a rufe. Duk wannan ba ya yiwuwa ga mutumin da idonsa ke kan takarda.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Makaɗin baka da ke tsaye a gidan biki, amshinsa da ɗiyan waƙarsa suna kansa tun kafin ya fito, shi ya sa idonsa ke da sukunin ganin wanda ya shigo fili, ya saka sunansa a cikin waƙa nan take. Hadda ce ta saya masa wannan sukuni.

Tarihi ma yana ba masu hadda abin kafa hujja. A Turai ta ƙarni na 18, masu hali sukan je wurin malamin rawa su koyi komai tun kafin ranar taro, babu mai tsayawa yana yi musu kira. Binciken da Phil Jamison ya wallafa a 2015 a kan rawar yankin tsaunukan Appalachia na gabashin Amurka ya nuna cewa al'adar ɗaga murya a kira motsi yayin da ake kiɗa ta fito ne daga baƙaƙen fata masu goge a Amurka, da yawansu bayi, a wajejen farkon ƙarni na 19. Mutane ne da suka koyi rawar Turawa ta hanyar gani da ji, suna yi wa iyayengijinsu kiɗa, sannan suka riƙa faɗa wa waɗanda ba su taɓa zuwa makarantar rawa ba abin da za su yi. Sana'ar ta baki ce tun asalinta. Ko a tsakiyar ƙarni na 20, zamanin Ralph Page na New Hampshire, wanda ya rasu a 1985 kuma ake yi masa kallon uban masu kiran kontira na zamani, raye-rayen da ake juyawa a gari ba su da yawa. Irin su Chorus Jig da Money Musk da Hull's Victory da Petronella, jama'a sun tashi sun tarar da iyayensu suna yi. Mai kira bai buƙatar kati don abin da kowa a zauren ya sani tun yana yaro.

Sai dai wannan tarihi rabi ne. Rubuta rawa ma tsohon abu ne. A 1651 John Playford ya buga littafi a Landan mai ɗauke da raye-raye 105, kowace da kiɗanta da taƙaitaccen bayanin yadda ake yin ta, aka yi ta sake buga shi ana ƙari har cikin ƙarni na 18. Da yawa daga cikin waɗannan raye-raye sun mutu murus a ƙafafun mutane. Abin da ya dawo da su shi ne takarda: Cecil Sharp ya zauna da tsofaffin bugun littafin a farkon ƙarni na 20 yana warware ma'anarsu, ya kuma kafa ƙungiyar rawar gargajiya ta Ingila a 1911. Reshen da aka buɗe a Amurka a 1915 shi ne ya zama ƙungiyar rawa da waƙar gargajiya ta CDSS (Country Dance and Song Society) da ke tallafa wa masu kira har yau. Da an dogara ga ka kaɗai, da babu abin da za a farfaɗo.

Abin da ya sauya lissafi ga kontira shi ne yawa. Daga shekarun 1970 matasa suka shigo rawar da ƙarfinsu, mutane irin su Dudley Laufman suka yaɗa ta, masu tsara sababbin raye-raye irin su Ted Sannella na Boston da Gene Hubert suka yi ta fitar da nasu. Jama'a suka daina son tsohon salon da rabin sahu ke tsaye yana kallon ɗaya rabin. Suna son kowa ya kasance cikin motsi daga farko har ƙarshe. Yau rumbunan intanet da ake tara waɗannan raye-raye suna ɗauke da dubbai. Dare ɗaya na cin rawa goma zuwa goma sha biyu, kuma mutanen da ke zuwa duk mako ba sa son a maimaita musu na makon jiya. Daga nan akwatin kati ya zama kayan aikin mai kira, kowace rawa da ɗan katinta mai girman tafin hannu: sunan rawar a sama, sunan wanda ya tsara ta a gefe, sannan layi huɗu, kowace gaɓa da layinta. Yanzu wasu sun mayar da akwatin cikin kwamfutar hannu, amma tsarin bai canja ba.

Ga dalilin da ya sa nake ganin masu raina kati sun yi gaggawa. Raye-rayen zamani sun yi kama da juna ƙwarai, domin daga 'yan motsi kaɗan ake haɗa su duka. Ɗauki wannan tsari da ake yawan gani. Gaɓa ta farko, kowa ya yi juyi da maƙwabcinsa, wato su riƙe juna suna jujjuyawa a wuri ɗaya. Gaɓa ta biyu, sahu biyu su matso gaba su koma baya, sannan mata biyu su kama hannu a tsakiya su zagaya sau ɗaya da rabi, kowace ta tsallaka gefen abokin rawarta. Gaɓa ta uku, juyi da abokin rawa. Gaɓa ta huɗu, mutum huɗu su kama hannu su zagaya hagu kashi uku cikin huɗu na da'ira, sai su ga kowa ya dawo inda ya fara, su ratsa ta tsakanin juna su tarar da sababbin maƙwabta. Lafiya lau. To akwai wasu raye-rayen da komai nasu iri ɗaya ne da wannan, illa dai maza ne suke tsallakawa a gaɓa ta biyu. Wannan ɗan bambanci yana juya ƙarshen gaba ɗaya. Idan maza suka tsallaka, bayan zagaya kashi uku cikin huɗu an riga an yi musayar wuri, abin da ya rage shi ne kowane mutum biyu su juya baya tare su fuskanci na gaba. Mai kiran da kansa ya haɗa masa farkon waccan da ƙarshen wannan, ya ce maza su tsallaka sannan ya ce a ratsa, ba zai ji wani ƙara ba. Zagaye na farko zai tafi sumul. Na biyu ma haka. Amma rawar ba ta tafiya ko'ina: kowa yana kai-komo tsakanin maƙwabta biyu, yana nan inda yake. Kallo ɗaya ga kati kafin a fara gwaji ya isa ya hana wannan. Irin wannan kuskure kuwa ya fi kama gwanaye, domin wanda ya san rawa ɗari biyu ne suke cakuɗe masa, wanda ya san biyar ba su da abin cakuɗewa da shi.

Amma a lura da ɗaya fuskar misalin. In kuskuren ya riga ya faru, kati ba ya ganin sa. Mai kiran da ke kallon fili ne kaɗai zai lura cewa matar nan mai jan ɗankwali har yanzu tana kusa da taga bayan zagaye huɗu, alhali ya kamata ta yi nisa. Kuma wanda ya fahimci inda kowa yake tsaye a ƙarshen kowace gaɓa ne zai iya gyarawa cikin kiɗa, ya sauya kalma ɗaya a gaɓa ta huɗu rawar ta kama tafiya. Wannan fahimta daban take da haddar kalmomi. Akwai wanda zai karanto maka kati daga farko har ƙarshe da ka, amma ka tambaye shi wa ke hannun daman wa bayan gaɓa ta biyu, ya yi zuru. Haddarsa ba ta fi karatun kati amfani ba, katin ne kawai ya koma cikin kai, kuma in ya manta layi ɗaya sauran duk sun zube.

Kati yana riƙe wasu abubuwa biyu da ka kan yi sakaci da su. Na farko haƙƙin mai abu. Al'ada ce a wannan fage a ambaci sunan rawa da na wanda ya tsara ta kafin a fara, domin kusan babu mai samun kuɗi daga tsara kontira, ambaton sunan nan shi ne ladansa. Idan rawa ta yi daɗi, wasu masu kira sukan zo bayan an tashi su nemi a ba su katin su kwafa. Rawar da ta bi ta baki kawai takan isa gari na uku da wani suna ko da gaɓa ɗaya a karkace. Na biyu kuma darasin jiya. A bayan kati ne mai kira yake rubuta wa kansa cewa a nan sababbi suke ɓata, ko cewa wannan rawa tana son kiɗa mai santsi, ko cewa kada a sa ta in zaure ya cika maƙil domin tana cin wuri. Bayan shekara biyu ba tare da ya taɓa ta ba, wannan ɗan rubutu ya fi tsarin rawar kansa daraja.

Duba sauran dangin rawar yana nuna cewa amsar tana bin yanayin aikin ne. A rawar sukwaya ta zamani, wadda mutum takwas ke tsayawa a murabba'i, babu gwaji kwata-kwata. Masu rawa sun koyi jerin motsi da ƙungiyar masu kira ta CALLERLAB, wadda aka kafa a 1974, ta tsara mataki-mataki. Ba su san abin da zai zo ba sai sun ji. Gwanayen wannan fage da yawa suna ƙirƙirar rawar ne a tsaye. Kafin ya fara, mai kira yakan zaɓi murabba'i ɗaya ko biyu na mutanen da ya amince da ƙafarsu, ya riƙe fuskokin mutum huɗu da ke kusa da juna a kansa, wa ke abokin wa, wa ke kusurwar wa, wato wa ke tsaye a ɗaya gefensa. Sai ya yi ta cakuɗa su yadda ya ga dama, in ya tashi rufewa ya bi waɗannan fuskoki da ido har ya mayar da kowa gun abokinsa a kan tsarin da aka fara. Abin da ya haddace gajerun hanyoyin fita ne da ƙananan gungun motsi da ya san inda suke ajiye mutane. Takarda ba ta da wurin shiga a nan. Amma a matakan can sama na wannan rawar, inda tsarin ya yi sarƙaƙiyar da ido ba zai iya bi ba, manyan masu kira suna karanta jerin da suka rubuta tun a gida, wasu da taimakon kwamfuta, kuma babu mai ganin gazawarsu.

A Sikotlan abin ya ɗauki wata hanya. Ƙungiyar rawar ƙasar da Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa a Glasgow a 1923 ta ɗora nauyin hadda a kan masu rawa. Ana koyo a aji, ana fitar da jerin raye-rayen babban taro tun da wuri, a ranar kuma jagora yakan yi 'yar tunatarwa ta baki kafin kiɗa ya tashi, daga nan ya yi shiru. Takardar ba ta ɓace ba, aljihun masu rawa ta koma: ƙananan littattafan tuni da zane-zanen alamomi da mutum zai leƙa kafin ya shiga sahu. A bukukuwan aure na ƙasar kuwa, inda ake yin irin su Gay Gordons da Strip the Willow da yara ke koya tun a makaranta, raye-rayen kaɗan ne kuma sanannu, mai kiran da ya fito da takarda don su zai ba mutane mamaki. Ita kuma rawar Ingila ta gidan Playford, kowace rawa da kiɗanta na musamman, tsawon gaɓoɓi yana bambanta, wasu ma a kan bugu uku-uku suke tafiya, don haka masu kiranta sun fi kowa riƙe takarda kusa.

Ra'ayina shi ne an haɗa tambayoyi biyu an mai da su ɗaya. Tambaya ta farko, ina mai kira zai ajiye dukan raye-rayen da ya tara? Amsarta akwati ne ko kwamfuta, kuma babu abin kunya a ciki. Wanda ya ɗaure wa kansa cewa sai abin da ke kansa zai kira, a hankali rumbunsa zai tsuke ya koma 'yan raye-rayen da suka fi zauna masa, jama'a su gaji da su shi bai sani ba. Tambaya ta biyu, ina rawar da za a yi yanzu, cikin minti goma masu zuwa, ya kamata ta kasance? Wannan kam a ka, ba tantama. Layi huɗu ne. Mutumin da ya zaɓi rawar tun a gida, ya taka ta a ɗakinsa yana kira da ƙarfi a kan kiɗa, ya sake duba ta yayin da jama'a ke neman abokan rawa, sannan ya koyar da ita a gwaji, ba shi da uzurin ci gaba da karatu bayan makaɗa sun tashi. In har yana buƙatar katin a zagaye na biyar, yana neman jama'a su riƙe abin da shi kansa bai riƙe ba. Katin na iya zama a hannu ko a kan teburi, a leƙa shi sau ɗaya in kai ya ɗauke, kamar yadda yake faruwa ga kowa idan wani ya zo yana yi masa magana a kunne ko makirufo ya yi gardama.

Ga mai koyo, ina ganin haɗarin kati ya fi na hadda, saboda wani dalili da ba a cika faɗa ba. Tsayawa gaban taro da ban tsoro, kati kuwa wurin ɓuya ne. Ido ya sami inda zai sauka ba tare da ya haɗu da na kowa ba, kuma in an saba da haka da wuyar bari. Gara ya fara da rawa uku ko huɗu masu sauƙi, ya san su ciki da waje, har ya iya cewa ga inda kowane mutum yake a kowane bugu, sannan ya fara tara kati.

Akwai kuma daren da akwatin duka ba ya aiki. An gayyaci mai kira bikin aure ko taron makaranta, ya shirya jerinsa tsaf, ya iso ya tarar da yara 'yan shekara shida da kakanninsu, rabin mutanen ba su taɓa jin sunan kontira ba, wasu sun tashi daga cin abinci ke nan. Babu wanda zai tsaya gwajin minti biyar. Abin da ke ceton irin wannan dare shi ne 'yan raye-raye biyar ko shida marasa wahala, na babbar da'ira da na dogon sahu, waɗanda mai kira zai iya farawa cikin daƙiƙa talatin yana tsakiyar fili tare da mutane, ya cire motsi ɗaya in ya ga ya yi musu nauyi, ya bar kiɗa ya ƙara gaɓa in sahun ya yi tsawo kuma na gaba ba su gama sauka ƙasa ba. Masu kira da yawa da ke zuwa rawar mako-mako da kati ɗari uku, waɗannan biyar ko shida ba su taɓa buƙatar duba katinsu ba.